Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Fure da Waya, Ka Gyara Shi Ba Tare da Ka Ɓata Shi Ba

Akwai wani abin haushi da duk wanda ya taɓa ɗaga waya a gaban fure ya sani. Idonka ya ga abu mai kyau, ka danna, ka duba fuskar wayar, sai ka tarar da wani ɗan ɗigon rawaya a tsakiyar tarkace: ga bokitin roba a baya, ga igiyar shanya, ga rabin silifas ɗin wani. Furen yana nan, amma sai ka nuna shi da yatsa kafin a gane shi kake nufi. Daga nan sai a ɗora wa waya laifi, a ce ai da babbar waya ce da ba haka ba.

Ni ma na daɗe ina faɗin haka. Abin da ya raba ni da wannan magana kuɓewa ce da aka shuka a bayan ɗakin girkinmu wata damina. Na yi kusan mako biyu kullum da safe ina ɗaukar furenta, waya ɗaya, wuri ɗaya, amma in ka ga hoton ranar farko da na ranar ƙarshe sai ka rantse ba mutum ɗaya ya ɗauka ba. Ido yana tace abin da yake kallo, ya watsar da bokiti da igiya ba tare da ka sani ba. Kyamara kuwa ba ta da kara, duk abin da ta tarar kwashewa take yi. Shi ya sa mafi yawan aikin mai ɗaukar hoton fure ragewa ne, a wurin ɗauka da wurin gyara duka.

Da furen kuɓewar nan za mu yi aiki daga farko har ƙarshe. Ana samun sa ko'ina da damina, yana da girma kamar tafin hannun yaro, ganyen furensa biyar masu launin rawaya-rawaya mai haske, cikinsa ja mai duhu kamar ruwan zoɓo, ga wani ɗan tsinke a tsakiya lulluɓe da garin fure. Zoɓo da rama da auduga duk 'yan gida ɗaya ne da kuɓewa, furanninsu sun yi kama, don haka abin da ka koya a nan zai yi maka aiki a can.

Mataki na farko: furen ne ke sa maka lokaci

Furen kuɓewa wuni ɗaya gare shi. Da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya soma naɗewa, washegari ka gan shi a ƙasa, ɗan kuɓewa ya leƙo a gurbinsa. Saboda haka aikin tun jiya da yamma yake farawa. Ka zaga ka duba waɗanda suka kumbura har rawaya ta leƙo a bakinsu, su ne na gobe. Ka sa ido a kan wanda ke fuskantar fili, wanda ganye bai danne shi ba.

A Kano da kewayenta rana tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 duk shekara. Daga wajen 7 zuwa 8:30 furen ya buɗe, iska ba ta tashi ba, rana kuma ba ta yi kaifi ba. Wannan ɗan tsakanin shi ne kasuwarka.

Kowane fure da agogonsa. Na wake ya fi na kuɓewa gaggawa, kafin rana ta take ya rufe. Farin bado na kududdufi da dare yake buɗewa, yana nan har hantsi, sannan ya tsuke. Na kuka da almuru yake buɗewa, jemagu su yi ta ziyartarsa cikin dare, washegari ya soma komawa ruwan ƙasa. Na auduga ranar farko ruwan madara ne, washegari ya koma ruwan hoda, har kana iya samun launi biyu a reshe ɗaya. Kada kuma ka ce da rani babu abin ɗauka. Gurjiya tana fitar da jajayen furanninta ne da hunturu, lokacin da babu ganye a jikinta. Ɗorawa tana sako nata masu kama da jan tuntu wajen ƙarshen sanyi zuwa farkon bazara. Tumfafiya kuwa kusan kowane lokaci za ka same ta da fure a bakin hanya, fari mai bakin shunayya, ba mai kallon ta.

Mataki na biyu: shirya wayar

Wannan minti biyu ne, amma kada ka tsallake. Goge idon kyamarar da gefen riga mai laushi. Wayar da ta kwana a aljihu, ta sha hannun da ya taɓa ƙosai, hotonta hazo-hazo zai fito, kuma babu manhajar da za ta wanke shi.

Shiga saitin kyamara ka kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara. Ka mai da girman hoto 4:3, ba wanda ke cika fuskar waya ba, domin wancan datse sama da ƙasan hoton kawai yake yi. Kashe filas, kashe filta, kashe mai gyara fata, kashe tambarin sunan waya da ke fita a ƙasan hoto. In wayarka tana da abin nan da ke gane fure da kansa ya ƙara masa launi, shi ma ka kashe shi in ya kasu. Gara kai ka zuba gishirin miyarka da hannunka.

Wayoyi da yawa masu sauƙin kuɗi suna da ƙaramar kyamara ta ɗaukar abu kusa-kusa, mai megafiksel 2. Kada ta ruɗe ka. Hotonta ɗigo 1600 ne a 1200. Babbar kyamarar tana ba da wajen 4000 a 3000, ko ka datse rabin tsawo da rabin faɗi saura 2000 a 1500, har yanzu ya fi wancan, launinsa ma ya fi kyau. Ka ɗauka da babbar, ka datse daga baya. Haka shi ma tsarin nan na ɗaukar mutum da ke dusashe baya: kintata gefen abu yake yi, in ya zo kan siririn kara ko bakin ganyen fure sai ya cinye wani wuri ya bar wani. Za mu samo dusashewar baya ta gaskiya a ƙasa.

Mataki na uku: haske

Ranar da gari ya yi lumshi, hadari ya rufe rana amma ba a ruwa, ita ce ranar mai koyo. Hasken yana sauka daidai ko'ina, babu baƙar inuwa, launi yana fita yadda yake. In kuwa rana ta fito, to ka lura da inda take game da furen. Idan tana bayanka, hoton zai fito a shafe, kuma sau da yawa inuwar kanka ko ta wayar za ta faɗa kan furen. Idan tana gefe, jijiyoyin ganyen fure za su fito ɗaya bayan ɗaya. Idan tana bayan furen, kana fuskantar ta, to nan ne daɗin yake: ganyen furen kuɓewa siriri ne, haske yana ratsa shi, sai ya kama kamar an kunna fitila a ciki. Sharaɗin kawai kada ranar kanta ta shiga hoton ko ta bugi idon kyamara. Ka kāre ta da tafin hannunka daga sama, ko ka matsa har wani ganye ya tare ta.

In ka makara har rana ta yi tsaka, yi wa furen inuwa. Farin gyale ko farin ƙyalle, wani ya riƙe maka shi tsakanin rana da fure, zai tace hasken ya yi laushi. Fari nake cewa, domin jar lema ko koriya za ta rina maka furen. Cikin furen kuwa, da yake zurfi gare shi, yakan yi duhu. Farar takarda guda, ka riƙe ta ta ɓangaren inuwar ka ɗan karkata, za ta mayar da haske ciki. Kana motsa ta kana ganin bambancin a fuskar waya.

Hazon hunturu ma yana tace rana, sai dai yana zuwa da ƙura. Kada ka goge fure da yatsa, zai yi tabo. Hura masa iska da baki ya isa.

Yanzu ga abin da ya fi kashe hoton fure. Kyamara tana ganin koren ganye mai duhu ya cika wuri, sai ta ce duhu ya yi yawa, ta ƙara haske. Ganyen ya fito daidai, furen kuma ya ƙone, ya koma fari fat ko wani curin rawaya mara zane. Ja da rawaya su ne suka fi saurin ƙonewa. Maganin: taɓa furen a fuskar waya, wata 'yar alamar rana za ta fito a gefe, ja ta ƙasa sannu a hankali har sai ka ga jijiyoyin ganyen furen sun dawo. Hoton zai yi maka kamar ya ɗan yi duhu. Bar shi haka. Wurin da ya yi duhu ana iya ɗago shi a gyara, wurin da ya ƙone kuwa babu komai a cikinsa da za a ɗago.

Mataki na huɗu: duba baya kafin ka duba furen

A nan zan daɗe, domin a nan hotuna suka fi rabuwa. Ka riga ka san furen yana da kyau, shi ya kawo ka. Abin da ba ka sani ba shi ne me ke bayansa. Ɗaga wayar, ka manta da furen na ɗan lokaci, ka bi kusurwoyi huɗu na hoton da ido. Duk abin da ya fi furen haske zai sace kallo: kwanon rufi mai ƙyalli, farin bango, ɗan ɓulin sama tsakanin ganye, leda. Abin da za a iya ɗaukewa, tashi ka ɗauke. Abin da ba ya ɗaukuwa, kai za ka matsa. Sau da yawa taƙi ɗaya hagu ko dama, ko ka ƙara sunkuyawa kaɗan, ya isa bokitin ya ɓace a bayan ganye.

Dusashewar baya ta gaskiya lissafinta mai sauƙi ne: ka kusanci furen, bayan kuma ya yi nisa da shi. Idan wayarka tana taƙi ɗaya daga furen, katanga kuma tana taku biyar a baya, katangar za ta narke ta zama launi kawai. Idan kuwa furen yana jingine da katangar, duk tsagar da ke jikinta za ta fito tare da shi. Shi ya sa na ce tun jiya ka zaɓi wanda ke bakin fili. Amma kusantar tana da iyaka. Babbar kyamarar yawancin wayoyi ba ta kama abu in ya fi kusan santimita 10 kusa. In ka ga furen ya yi dishi-dishi, ganyen baya kuma ya fito tar, ka wuce gona da iri, ja baya kaɗan. Zum na ninki 2 yana taimakawa in akwai haske sosai, yana ƙunƙunce abin da ke shiga daga baya. Abin da ya wuce haka, in dai wayar ba ta da kyamarar nesa ta musamman, ƙara girman ɗigo ne kawai.

Bayan da na fi so shi ne inuwa. Nemi kusurwar da furen yake cikin rana, abin da ke bayansa kuma yake cikin inuwa: ƙofar zaure, ƙarƙashin rumfa, gindin darbejiya. Da ka rage haske don furen, bayan zai koma kusan baƙi ƙirin da kansa, furen ya tsaya shi kaɗai. Mutane za su tambaye ka da wace manhaja ka cire bayan, alhali ƙofar ɗaki ce a buɗe.

Katangar jar ƙasa tana karɓar rawaya da fari ƙwarai, musamman da yamma. Shuɗin sama yana karɓar ja, shi ya sa gurjiya da ɗorawa suke son a ɗauke su daga ƙasa ana kallon sama. Sai dai ranar da hazo ya mai da sama fara, kada ka sa ta a hoton ko kaɗan, za ta mai da furen baƙi-baƙi. In duk babu, sa ƙyalle a baya, amma mara zane, baƙi ko ruwan toka, kuma nesa da furen kamar mita ɗaya don kada saƙarsa ta fito. Na taɓa gwada atamfa. Atamfar ta yi kyau a hoton, furen kuwa ban san inda ya shiga ba.

Mataki na biyar: inda za ka tsaya, da inda furen zai zauna

Kowa a tsaye yake ɗaukar fure, yana kallon ƙasa, shi ya sa hotunan kowa iri ɗaya ne, ƙasa da ciyawa a baya. Durƙusa har wayar ta zo daidai da furen. Wandonka zai kwashi ƙasa, wannan yana cikin kuɗin hoton. Ga ƙananan furanni irin na gyaɗa, juya wayar kanta a ƙasa don idon kyamara ya kusanci ƙasa.

Gwada fuska uku ga fure ɗaya. Ta farko gaba da gaba, kana leƙa cikinsa. Irin wannan a tsakiyar hoto yake zama daram, domin da'ira ce, kuma ja mai duhun nan na ciki yana jan ido da kansa. Ta biyu daga gefe, ko tsakanin gefe da gaba. A nan layukan nan na gida tara za su yi amfani: ɗora cikin furen a ɗaya daga wurare huɗu da layuka suka gicciye, kuma ka bar fili ta ɓangaren da furen yake kallo. In yana kallon dama, ya zauna a hagu. In ka matse fuskarsa da bakin hoto, sai ya zama kamar wanda aka sa ya fuskanci bango. Ta uku daga baya, rana na ratsowa. Ba kasafai ake tunanin ta ba, kuma sau da yawa ita ke cinye gasar.

Game da yanke gefen fure, ko dai ka shigar da shi duka da ɗan fili a kewaye, ko ka yanke da gangan, ka cika hoton da cikinsa har a ga garin fure. Wanda ba ya kyau shi ne ka ɗan gutsure bakin ganye ɗaya, kowa zai gane kuskure ne. Kara kuma in ya miƙe sambal a tsakiya yakan raba hoton biyu kamar turken wuta. Ɗan karkata wayar ya fito daga kusurwa.

Kuɓewa tana da wata kyauta da fulawar kanti ba ta da ita. A kara ɗaya za ka ga waɗanda ba su buɗe ba a sama, buɗaɗɗen a tsakiya, 'ya'ya a ƙasa. Ɗauki wannan a tsaye, ka samu jibi da yau da shekaranjiya a hoto guda. Ga furanni masu fitowa a cure, irin na tumfafiya ko zogale, kada ka ce sai kowa ya fito. Zaɓi ɗaya ya zama ango, sauran 'yan rakiya.

In ƙudan zuma yana zagayawa, kada ka bi shi da waya, ba za ka cim masa ba. Saita komai a kan furen ka yi shiru, zai dawo. Sai dai a tuna, zuma da zaƙi da harbi.

Mataki na shida: fokas, iska, da dannawa

A kusa haka, abin da zai fito tar bai wuce kaurin yatsa ba. Dole ka zaɓa. A furen kuɓewa, kan tsinken nan na tsakiya shi ne idonsa. In ya fito, an yafe wa sauran. Danna yatsa a kansa ka riƙe na daƙiƙa biyu, yawancin wayoyi za su kulle fokas, wato wurin da zai fito tar, da haske a nan, sannan ka ja hasken ƙasa kamar yadda muka ce.

Dafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, ko ka jingina da wani abu. Dannawa da ɗan yatsa tana girgiza waya, don haka sa agogon daƙiƙa 3, ko ka yi amfani da maɓallin ƙara sauti. Iska kuma tana zuwa ne tana hutawa, ka jira hutun. Tsaya ta ɓangaren da take busowa jikinka ya tare ta. In wayar tana da tsarin saitawa da hannu, sa saurin ɗauka 1/500 na daƙiƙa, ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, tsakanin 100 da 400. Mai kyamara irin ta masu sana'ar hoto, ba ta waya ba, kuma kada ya buɗe idonta gaba ɗaya a kusa haka, buɗin ido f/5.6 zuwa f/8 ya fi ba da fure cikakke.

Ɗauki ashirin, talatin, ba fim kake ƙonawa ba. Kafin ka tashi, buɗe biyu ko uku ka faɗaɗa su da yatsu ka tabbata tsinken ya fito. Gara ka gane yanzu da ka gane a ɗaki, furen ya riga ya naɗe.

Wasu suna fesa ruwa don a ce raɓa ce. Ni ban cika so ba. Ganyen furen kuɓewa ba ya ɗaukar nauyi, yakan langaɓe, kuma ɗigon feshi duk girmansu ɗaya, ana ganewa. Ka fito bayan ruwan asuba, ka samu na gaskiya.

Kalma biyu kan tsaro. Farin ruwan tumfafiya mugu ne ga ido, in ka taɓa ta ka wanke hannu. Bakin kududdufi akwai santsi, akwai maciji, bado ɗaya bai kai waya ko ƙafa ba. Gonar mutane kuma a yi sallama, a tanƙwara ganye in ya tare, kada a karya. Ranar da na durƙusa a gonar dawa ina ɗaukar ƙuduji, furensa ruwan hoda gwanin sha'awa, mai gonar ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce, "Malam, in ka gama yi masa hoton, don Allah ka tuge min shi." Gaskiyarsa. Tsiro ɗaya yana zubar da dubun-dubatar iri, kuma jinin dawarsa yake sha.

Mataki na bakwai: gyara

Tun ran gini tun ran zane. Hoton da fokas ya kuskure, ko furen ya ƙone, share shi, kada ka ɓata lokacinka. Daga talatin ɗin nan fitar da uku, daga ukun ɗaya.

Snapseed, manhajar gyaran hoto ta kamfanin Google, kyauta ne, ya kuma isa. Lightroom na waya shi ma yana da ɓangaren kyauta, wasu kayansa sai an biya. Zan kira maɓallan da sunan da za ka gani a rubuce. Kafin ka fara, kashe abin nan na kāre ido da ke mai da fuskar waya rawaya, ka sa haskenta tsaka-tsaki, ka zauna a inuwa. In ba haka ba, za ka gyara abin da bai lalace ba.

Fara da datsa, wato Crop. Shi ne gyaran da ya fi kowanne tasiri. Yanke ɗan farin da ya leƙo a kusurwa, rabin ganyen da bai san me ya kawo shi ba. Tun yanzu ka san inda hoton za shi: 4:5 ga Instagram, 9:16 ga sitatus na WhatsApp.

Sai gaskiyar launi, a White Balance. Fure a cikin inuwar ganye yakan ɗauko kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Ƙara Temperature, wato ɗumin launi, kaɗan, 5 zuwa 10, ka ɗan tura Tint ɓangaren ruwan hoda har launin furen na gaskiya ya dawo. Furanni masu shunayya, irin na duman rafi, kyamarar waya takan mai da su shuɗi, a nan ake dawo da su. Ma'aunin shi ne abin da idonka ya gani a gona.

Sai haske, a Tune Image. Highlights, wato wuraren da suka fi haske, ƙasa, 20 zuwa 40, har zanen ganyen fure ya bayyana. Shadows, wato wuraren inuwa, sama kaɗan, 10 zuwa 15, don cikin furen ya buɗe. In bayanka baƙi ne da gangan, kada ka taɓa Shadows, za ka tono bokitin da ka binne. Contrast, mai ƙara bambancin haske da duhu, ɗan kaɗan. Waɗannan alƙaluma mafari ne, hotonka ne zai gaya maka inda za ka tsaya.

Saturation, wato ƙarfin launi, shi ne ramin da kowa ke faɗawa. Ana jan sa, launi na tashi, rai na jin daɗi, har rawaya ta koma ta fenti, ja ya cure ya zama tabo. Garin neman gira a rasa ido. Sirrin shi ne, maimakon ka ƙara wa furen, rage wa abin da ke kewaye da shi. A Snapseed ɗauki Selective, ka ajiye ɗigo a kan koren baya, ka matse ko ka buɗe yatsu biyu, jan launi zai nuna maka iyakar wurin da zai shafa. Rage masa haske da 20, launi da 15. A Lightroom shiga Color Mix, zaɓi kore, rage ƙarfinsa da 15 zuwa 25, ka ɗan duhunta shi. Ba ka taɓa furen ba, amma sai ka ga ya taso.

Healing na ƙananan abubuwa ne: ƙwayar ƙura, ɗan ƙyalli a baya. Faɗaɗa hoton sosai kafin ka taɓa, ka riƙa ɗigawa, kada ka shafa. Babban abu in ka ce sai ka goge shi, tabon da zai bari ya fi shi muni. Hujin da ƙwaro ya yi a ganye kuwa sau da yawa ina barin sa, a gona aka ɗauka ba a kanti ba.

Kaifi, a Details, shi ne na ƙarshe. Waya ta riga ta ƙara nata tun wurin ɗauka. Structure kada ya wuce 10 ko 15, in ya wuce sai furen ya yi kaushi kamar takardar siminti, bayan da ka sha wahalar dusashewa kuma ya cika da tsaki-tsaki. Vignette, mai duhunta gefuna, yadda yake zuwa ya yi yawa. Rage shi har sai wanda bai sani ba ba zai lura ba.

Da ka gama, danna yatsa a kan hoton ka riƙe, na asali zai bayyana, ka saki ka ga gyararren. Ajiye wayar, je ka sha ruwa, ka dawo bayan minti goma. Ido yana sabawa da wuce iyaka da sauri, sai ya huta yake faɗin gaskiya. Ni dai kusan kullum in na dawo sai na rage rabin abin da na ƙara.

Mataki na takwas: ajiyewa da turawa

Fitar da gyararren a matsayin kwafi, na asali ya zauna lafiya, domin bayan wata shida hannunka zai canja, za ka so ka sake gyara shi. Kada ka yi ta gyara a kan gyara, duk ajiyewa tana ɗan cin ingancin hoton. Kada kuma ka ɗauki hoton fuskar waya ka ce shi za ka tura.

WhatsApp yana matse hoto. In don a kalla ne kawai, taɓa alamar HD kafin ka tura. In wanda za ka tura wa zai wanke shi ne ko ya buga, tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, zai isa yadda yake. Ga Instagram, 1080 a 1350 shi ne girman 4:5. In za ka sa sunanka, ƙarami a kusurwa, ba a kan furen ba.

Ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta sunan tsiron da Hausa, da wurin, da wata, da lokaci, ko da a wayarka kaɗai zai tsaya: kuɓewa, bayan gida, Agusta, 7:40 na safe. Gurjiya, hanyar ƙauye, Janairu, bayan la'asar. Baɗi war haka ba sai ka yi ta kintace ba, za ka buɗe ka ga makon da bado ya cika kududdufin, da ƙarfe nawa ya rufe.